Ciwon Dajin Nono Yana Kama Maza Ma

Mutane da yawa sun ɗauka ciwon dajin nono na mata ne kaɗai. Ba haka ba ne. Namiji ma yana kamuwa da shi. Gaskiya ne bai cika kama maza ba. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum 100 masu wannan ciwo, kamar mutum 1 ne namiji, sauran duk mata ne. To, amma wannan ƙarancin shi ne ya zama tarko. Magidanci zai ji ƙullutu a ƙirjinsa, sai ya ce maruru ne, ko cizon ƙwaro. Wani kuma kunya ce take hana shi faɗa. Haka zai yi ta zama wata da watanni. Kafin ya je asibiti, ciwo ya riga ya ci jiki. Alhali kuwa ciwo ne da yake jin magani idan an tare shi da wuri.

Mene Ne Ciwon Daji?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Kullum wasu suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, komai bisa tsari. Wani lokaci sai wasu ƙwayoyin su lalace, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Idan suka taru sai su zama ƙullutu. Daga nan su fara cin naman da ke kusa da su. Idan aka bar su, sai su bi jini su tafi wasu sassan jiki, su kafa sabon ciwo a can. Wannan shi ne ciwon daji. Wasu suna ce masa sankara, wasu kuma kansa.

Manomi ya san halin ƙuduji. Idan aka tuge shi tun bai yi fure ba, gona ta tsira. Idan aka bari ya zubar da iri, sai ya game gona duka. Haka ciwon daji yake.

Yaya Namiji Zai Yi Ciwon Nono?

Kowane jariri, mace ko namiji, ana haihuwarsa da ɗan naman nono a ƙarƙashin kan nononsa. Idan yarinya ta fara girma, nata sai ya bunƙasa. Na yaro kuwa sai ya tsaya yadda yake. Amma bai ɓace ba, yana nan har tsufa. A cikin wannan ɗan naman ne ciwon yake tsirowa.

Da yake naman nonon namiji kaɗan ne, ƙullutun yana saurin jiyuwa a hannu. Wannan sa'a ce ga mai lura. Amma kuma saboda wannan dalilin, ciwon ba ya daɗewa yake kama fata da tsokar ƙirji. Shi ya sa jinkiri yake da haɗari ƙwarai.

Alamomin Ciwon

Alama ta farko, wadda aka fi gani, ita ce ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono ko kusa da shi. Yawanci a gefe ɗaya yake fitowa. Kuma yawanci ba ya zafi. Rashin zafin nan shi yake ruɗin mutane, su ce ai ba komai. A kula da kyau: ƙullutun da ba ya zafi ya fi mai zafi abin tsoro.

Sauran alamomin su ne:

1. Kan nono ya lotsa ciki, alhali da ba haka yake ba.
2. Jini ko wani ruwa ya riƙa fitowa daga kan nono, har ya ɓata riga.
3. Gyambo ko ƙuraje a kan nono da suka ƙi warkewa.
4. Fatar wurin ta yamutse, ko ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo.
5. Kaluluwa a hammata wadda ta ƙi bajewa.

Duk namijin da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya jira ya gani ko za ta wuce. Ya tafi asibiti a cikin makon nan.

Ba Kowane Kumburi Ne Daji Ba

Kada hankalin jama'a ya tashi. Yawancin kumburin nonon maza ba daji ba ne. Jariri sabuwar haihuwa nononsa yakan kumbura, ya baje da kansa, kuma bai kamata a matse shi ba. Yaro mai shiga balaga yakan ji wani ɗan dunƙule mai zafi a nono, shi ma yakan wuce bayan wasu watanni. Mai ƙiba yakan tara kitse a ƙirji. Tsofaffi da masu ciwon hanta nononsu yakan girma. Akwai kuma magungunan asibiti masu kumbura nonon namiji, kamar wasu na hawan jini, da wasu na gyambon ciki.

Irin wannan kumburi yawanci yana da laushi kamar roba, kuma sau da yawa nono biyun yake kamawa. Na daji kuwa tauri gare shi kamar tsakuwa, wani lokaci ma ba ya motsi. Duk da haka hannu kaɗai ba ya rabewa. Likita ne zai tantance, bayan ya yi gwaji.

Su Wa Ciwon Ya Fi Kamawa?

Ciwon yana iya kama kowane namiji, har wanda ba shi da wani dalili da aka sani. Amma akwai waɗanda suka fi shiga haɗari.

Na farko, masu manyan shekaru. An fi ganinsa a tsakanin masu shekara 60 zuwa 70, ko da yake yana kama waɗanda ba su kai haka ba.

Na biyu, masu gadonsa a dangi. Idan uwar mutum, ko 'yar'uwarsa, ko 'yarsa, ko wani namiji a danginsa ya taɓa yin dajin nono, to ya sa ido a kan nasa jikin. Likitoci sun gano wata ƙwayar gado da suke kira BRCA2. Idan ta samu tangarɗa, takan jawo wannan ciwo ga mata da maza. Uba yana iya gadar da ita ga 'ya'yansa maza da mata, kamar yadda uwa take iyawa.

Na uku, masu yawan sinadarin mata a jiki. Kowane namiji yana da ɗan sinadarin mata, ana ce masa istirojin. Idan ya yi yawa, sai ya riƙa zuga naman nono. Hanta ce take rage shi. Saboda haka mai tsohon ciwon hanta yana tara shi. Kitse ma yana ƙara shi, don haka ƙiba mai yawa tana da illa. Shan giya kuwa yana lalata hanta, yana ƙara haɗarin.

Na huɗu, masu lalurar 'ya'yan maraina. Misali wanda nasa ba su sauko ba tun yana yaro, ko wanda hangum ya kumbura masa su bayan ya girma, ko wanda aka haifa da su ƙanana ƙwarai.

Yadda Mutum Zai Duba Kansa

Dubawar ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci. Sau ɗaya a wata ya isa, misali duk ranar da aka ga sabon wata. Lokacin wanka ya fi dacewa, sa'ad da jiki yake da santsin sabulu.

Mutum ya fara duban ƙirjinsa da ido, ya gwada gefen dama da na hagu. Sannan ya ɗaga hannun dama sama. Ya haɗa yatsu uku na hannun hagu, ya riƙa danna nonon dama a hankali da cikin yatsun, yana kewayawa, tun daga kan nono har zuwa cikin hammata. Sai ya sake yin haka a ɗaya gefen. Wanda ya saba da jikinsa, da zarar wani baƙon abu ya fito zai gane. Matar aure ma idan ta lura da wani canji a ƙirjin mijinta, ta gaya masa, kada ta yi shiru.

Yadda Likita Yake Gano Ciwon

A fara da asibitin da ya fi kusa. Ma'aikacin lafiya zai duba, in ya ga da buƙata ya ba da takardar zuwa babban asibiti. Idan aka ba mutum magani ya sha, ƙullutu bai baje ba bayan mako biyu, ya koma ya nemi a tura shi gaba. Kada ya tsaya sayen ƙwayoyi a kemis ko wurin masu talla a kasuwa.

A babban asibiti likita zai yi tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Akwai mai irinsa a dangi? Wane magani ake sha? Sai a faɗi gaskiya duka. Sannan zai ce a tuɓe riga, ya lalluba ƙirji da hammata da wuya. Babu abin kunya a nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan haka sai hoto. Akwai hoton nono da ake kira mamogiram. Akwai kuma sikanin, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Duka biyun ba a yanka ko'ina.

Gwaji mafi muhimmanci shi ne ɗibar ɗan nama. Za a yi allurar kashe zafi, a sa wata allura ta musamman a ciro ɗan mitsitsin nama daga ƙullutun. Sai a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan gwaji shi kaɗai ne yake tabbatar da daji ne ko ba daji ba. Kuma shi yake nuna irin dajin, don a san maganin da ya dace. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni. A yi haƙuri, a koma a karɓa. Duk ƙullutun da aka cire a kowane asibiti, mai shi ya tabbata an kai shi gwaji, ba a jefar ba.

Idan ya tabbata daji ne, za a yi gwajin jini da hoton ƙirji da na ciki, wani lokaci da na ƙashi, don a ga ko ya yaɗu.

Matakan Ciwon

Likitoci sun kasa ciwon mataki 4. A mataki na 1 ƙullutun bai wuce santimita 2 ba, wato kamar babbar ƙwayar gurjiya, kuma yana wuri ɗaya. A mataki na 2 ya ƙara girma, ko ya fara taɓa kaluluwar hammata. A mataki na 3 ya kama fata ko bangon ƙirji, ko ya cika hammata. A mataki na 4 ya tafi nesa, ya shiga ƙashi ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa.

Bambancin da ke tsakaninsu babba ne. A Amurka, inda ake ajiye lissafi sosai, cikin maza 10 da aka gano nasu tun bai bar nono ba, fiye da 9 ciwon bai kashe su ba har bayan shekara 5. Waɗanda nasu ya riga ya tafi nesa kuwa, masu kai wannan lokaci ba su wuce kamar 3 cikin 10 ba. Ciwo iri ɗaya ne. Ranar zuwa asibiti ce ta bambanta.

Hanyoyin Magani

Maganin maza kusan ɗaya ne da na mata. Yawanci ana haɗa hanya biyu ko uku ko ma fiye.

Aikin tiyata. Wannan shi ne babban magani ga wanda ya zo da wuri. Ana sa mutum barci, a cire naman nonon duka tare da kan nono. Ana kuma cire kaluluwar hammata, kaɗan ko da yawa, gwargwadon yadda ciwon ya kai. Bayan 'yan kwanaki a sallame shi. Abin da zai rage shi ne tabo a ƙirji, wanda riga take rufewa. Bayan aiki za a koya masa motsa hannu don kada kafaɗa ta sandare. Idan hannun ya fara kumbura daga baya, ya koma ya nuna. Wanda ya warke yana komawa gonarsa da sana'arsa.

Ruwan magani, wanda ake kira kemo. Magani ne mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Yana bin jini yana kashe ƙwayoyin ciwon duk inda suka ɓuya. Yawanci ana yinsa duk bayan mako 3, sau 4 zuwa 8. Wani ana yi masa kafin aiki don ƙullutu ya ƙanƙance, wani kuma bayan aiki. Yana sa tashin zuciya da kasala da zubewar suma. Akwai maganin tashin zuciyar, suma kuma tana sake fitowa. Idan zazzaɓi ya kama mai karɓar kemo, a kai shi asibiti a ranar, don garkuwar jikinsa ta yi rauni. Kemo yana iya taɓa haihuwa, don haka mai son ƙarin 'ya'ya ya yi magana da likita kafin a fara.

Gashi da na'ura. Ba wuta ake sawa ba. Wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, ana auna shi a ƙirji don ya ƙone ragowar ciwon. Mutum ba ya jin zafi lokacin da ake yi. 'Yan mintoci ne a kowace rana, yawanci kwana 5 a mako, har tsawon wasu makonni. Fatar wurin takan yi duhu ko ta saɓule, daga baya ta warke.

Ƙwayar tamozifen. Cikin maza 10 masu wannan ciwo, kamar 9 nasu da sinadarin mata yake girma. Wannan ƙwaya tana toshe masa hanyar samun sinadarin, kamar a datse wa shuka ruwa. Ana shan ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5, wani har 10. Takan sa jin zafin jiki da gumi, wani kuma sha'awarsa ta ragu. Wannan yakan sa wasu maza su daina sha a ɓoye. Kuskure ne babba, domin ciwon yana iya dawowa. A gaya wa likita, akwai taimakon da zai yi. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, a garzaya asibiti.

Wanda nasa ya kai mataki na 4 ma ba a cire rai. Ko da ba a iya tumɓuke ciwon ba, magani yana rage masa gudu, yana kashe zafi, yana kuma gyara gyambo. Bai kamata a bar mara lafiya a ɗaki yana shan azaba ba.

Maganganun Da Ba Gaskiya Ba

Ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi sai mutum ya mutu. Ga abin da yake faruwa. Mutane suna ƙin asibiti sai ciwo ya gama cin jiki. Idan mara lafiya ya rasu bayan an kai shi, sai a ɗora wa allura laifi. Jinkiri ne ya yi kisa, ba allura ba.

Ana cewa jifa ne ko sammu. Ciwon nan yana kama mutane a kowace ƙasa ta duniya, mai maƙiyi da mara maƙiyi. Addu'a tana da kyau ƙwarai, a yi ta yi. Amma a haɗa ta da zuwa asibiti, domin addini ya yi umarni da neman magani.

Wasu suna kai ƙullutun wurin wanzami ya tsaga, ko a yi sakiya, ko a kafa ƙaho, ko a shafa magani mai cin fata. Wannan ba ya cire ciwon. Sai dai ya buɗe gyambo wanda ba ya warkewa, ya kuma cinye lokaci da kuɗi.

Ana kuma gudun mara lafiya don tsoron ɗauka. Ba a ɗaukar ciwon daji. Ana iya cin abinci kwano ɗaya da mai shi, a gaisa, a kwana ɗaki ɗaya. Kuma ciwon ba ya mai da namiji mace, ba ya rage masa daraja. Wani shahararren ɗan wasan fim na Amurka mai suna Richard Roundtree ya kamu da shi a 1993. Aka yi masa aiki, aka yi masa kemo. Ya daɗe yana ɓoyewa, daga baya ya fito yana wayar da kan maza. Ya ƙara shekara 30 a duniya, sai a 2023 ya rasu da wani ciwon dabam.

Ina Za A Je?

Manyan asibitocin koyarwa suna da likitocin wannan ciwo. Akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Jos, da na Tarayya a Gombe da Katsina, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ba kowannensu ne yake da na'urar gashi ba. Likita zai faɗi inda za a je, kuma a tambaya a tabbata na'urar tana aiki kafin a kama hanya. A riƙe katin asibiti da takardun gwaji a cikin leda, a tafi da su kowane zuwa.

Maganin yana cin kuɗi, babu shakka. Amma na wanda ya zo da wuri ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na taimaka wa marasa ƙarfi masu ciwon daji, har da dajin nono. Asibitocin Shika da Gombe da Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. A nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti, a tambayi taimakon da ake da shi. Dangi da ƙungiyoyin gari su ma su sa hannu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gara a sayar da ɗan akuya yau a yi gwaji, da a sayar da gona gobe ciwo ya riga ya yi nisa.

Haƙƙin Iyali

Namijin da aka samu da wannan ciwo ya sanar da danginsa. 'Ya'yansa da 'yan'uwansa, musamman mata, su riƙa duba jikinsu, su kuma gaya wa likita akwai ciwon a gidansu. Dajin nono shi ne dajin da ya fi kama mata a Nijeriya, don haka maigida ya bar iyalinsa su je asibiti da zarar sun ga alama. Mara lafiya yana buƙatar mai raka shi, da abinci mai gina jiki kamar wake da gyaɗa da ƙwai da ganye, da mai tuna masa shan magani. Bayan an gama magani, ya ci gaba da zuwa ranakun da likita ya sa masa, ko da yana jin garau.

Wanda Allah Ya ba ilmin karatu, ya karanta wa maƙwabtansa wannan bayani a majalisa da zaure da ajin yaƙi da jahilci. Mai yiwuwa a cikin masu sauraro akwai dattijon da yake ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin rigarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kiyaye masu lafiya, amin.